Marsandi W126 da Baba ya bari: a gyara ta ko a sayar?

Baban Khalifa, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Na zo da wata magana da ta tsaya mini a rai tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama. Cikin abin da ya bari akwai wata Marsandi ƙirar 300 SE ta shekarar 1988, shuɗiya mai duhu, wadda ya saya a hannun wani ɗan kasuwa tun ina firamare. Yau shekara shida ke nan tana ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano, ba a tayar da ita ba tun lokacin da ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi. Yanzu an zo rabon gado, 'yan'uwana sun ce a sayar wa masu yankan motoci a raba kuɗin, ni kuwa zuciyata ta ƙi amincewa, amma da babban yayanmu ya tambaye ni dalili sai na rasa abin da zan faɗa masa ban da cewa motar Baba ce, kuma wannan ba hujja ba ce a gaban magada tara.

Abin da nake nema a wurin waɗanda suka san wannan mota shi ne su gaya mini gaskiya. Shin akwai wani abu a jikinta da ya sa har yanzu ake girmama ta, ko kuwa ƙauna ce kawai ta rufe mini ido? Idan akwai, ina so in san shi dalla-dalla, domin in yi wa 'yan'uwana bayani da ilimi, in kuma san ko zan iya ɗaukar nauyinta idan aka sa mata kuɗi aka cire daga kasona.

Tsohon Direba, Kaduna

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya sa aljanna ce makomarsa. Ɗana, ni na yi shekara goma sha ɗaya ina tuƙa irin wannan mota ga wani babban ma'aikaci, na fara da 280 SE na ƙare da 500 SEL, saboda haka abin da zan faɗa maka da hannuna na taɓa shi.

Ku yaran yanzu ba za ku gane matsayin da ta riƙe ba sai kun san zamanin da ta shigo. A lokacin mulkin Obasanjo na soja an mayar da Fijo 504, wadda ake haɗawa a nan Kaduna, motar manyan gwamnati, don a nuna tsimi. Da farar hula suka karɓi mulki a 1979 sai Marsandi ta dawo da ƙarfinta, har mutanen Legas suka riƙa kiran wannan ƙira da sunan Shagari, wasu kuma su ce mata Concord. Idan ta tsaya a ƙofar gida a wancan lokaci, ba sai an tambaya ba, an san baƙon ba ƙarami ba ne.

Amma ni ba wannan ya sa nake son ta ba, domin direba ba ya cin girman mota, gajiyarta yake sha. Abin da na sani shi ne zan tashi daga Kaduna bayan sallar asuba in kai Maiduguri, in sauka bayana bai ƙage ba. Kujerarta da farko za ka ji ta da tauri kamar ba ta manya ba, sai ka yi awa biyar a kai sannan ka gane hikimar. Sitiyarinta babba ne, ba ya rawa a hannu ko ka faɗa rami, kuma idan ka rufe ƙofarta za ka ji wani sauti mai nauyi, tim, kamar an rufe akwatin ajiyar kuɗi. Wani abu da ke ruɗa sabon direba shi ne mai giya da kanta takan tashi da giya ta biyu, sai mutum ya ɗauka ba ta da ƙarfi, alhali an yi haka ne don kada maigida da ke baya ya ji an fizge shi. Ka taka totur har ƙasa ka ga yadda za ta sauko ta ɗauki hanya. Birkin ajiyewa ma da ƙafar hagu ake taka shi, a sake shi da hannu. Ni dai shawarata kada a kai ta wurin masu yanka, da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniya Bakatsine, Jamus

Allah ya ƙara wa Baba Direba lafiya. Abin da ya ji a jikinsa yana da dalili a tarihin motar, kuma zan so in ɗan tsawaita a nan, domin ina ganin amsar tambayar Baban Khalifa a nan take.

Sunan wannan ƙira a wurin kamfanin shi ne W126. An fara nuna ta a bajekolin motoci na Frankfurt a watan Satumba na 1979, aka ci gaba da ƙera ta a masana'antar Sindelfingen kusa da Stuttgart har 1991, wato shekara goma sha biyu, kuma an fitar da masu ƙofa huɗu sama da 818,000. Ita ce ta biyu a jerin motocin da ake kira S-Class a hukumance, bayan W116 ta 1972. Harrufan da ke bayanta ma suna da ma'ana a Jamusanci: S na nufin aji na musamman, E na nufin inji mai fesa mai maimakon kafireta, L kuma na nufin mai tsawo, wadda aka ƙara wa santimita 14 a tsakanin tayoyin gaba da na baya, duk don ƙafar wanda ke zaune a baya. Lambar kuma girman injin ce, saboda haka 300 SE inji ne mai kusan lita 3, silinda shida a jere, a gajeren bodi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa tsoro ne ya haifi wannan mota. An fara aikin tsara ta a daidai lokacin rikicin man fetur na 1973, sa'ad da ƙasashen Larabawa suka rage fitar da mai, har gwamnatin Jamus ta Yamma ta hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi huɗu a ƙarshen wannan shekara. Kamfanin ya ga cewa babbar mota mai ƙyalƙyali da shan mai tana iya zama abin kunya ga mai ita, sai aka ɗora wa injiniyoyi aikin da ya yi kama da haɗa wuta da auduga: su yi motar da ta fi ta baya ƙarfi da tsaro, amma ta fi ta sauƙin nauyi da ƙarancin shan mai. Suka yi amfani da ƙarfe mai ƙarfi wanda bai kai na da kauri ba, suka zuba manyan injuna masu silinda takwas da alminiyam, suka ɓoye abin share gilashi a ƙarƙashin bakin bonet, suka cire manyan bambobin ƙarfe masu walƙiya suka sa na roba. Ma'aunin turjiyar iska ya sauko daga 0.41 zuwa 0.36, wanda a wancan zamani babban abu ne ga mota mai wannan girma, kuma shan mai ya ragu da kusan kashi goma cikin ɗari.

Wanda ya jagoranci zanen shi ne Bruno Sacco, ɗan Italiya da ya shugabanci sashen zane na kamfanin daga 1975 zuwa 1999, ya rasu a 2024. Ra'ayinsa shi ne bai kamata sabuwar Marsandi ta sa wadda ta gabace ta ta zama abin dariya ba, shi ya sa ya guji duk wani ado da yayi zai wuce da shi. Da motar ta fito, tsofaffin masu saye a Jamus sun yi ta gunaguni a kan faifan robar da aka liƙa a ƙasan ƙofofi, har suka laƙaba musu suna allunan Sacco don zolaya, amma daga baya sauran ƙirar kamfanin duk suka ɗauka. Ga kuma yadda za ka gane zubi na biyu, wanda aka fara a 1985 kuma motarku na cikinsa: faifan nan sumul suke ba su da zane-zane, kuma tayoyin inci 15 ne maimakon 14.

A ganina kyanta bai zo daga ado ba, ya zo ne daga cewa kusan kowane abu a jikinta yana da aikin da yake yi. Dubi fitilun baya masu tudu da kwari, an yi su haka ne don ko laka ta fantsama ta rufe tudun, kwarin zai ci gaba da ba da haske. Dubi maɓallin daidaita kujera a masu na lantarki, an yi shi da siffar kujerar kanta a jikin ƙofa, ka tura bayan ƙaramar sai bayan babbar ya motsa, ba ka bukatar karanta komai.

Maman Hanifa, Abuja

Allah ya jiƙan Baba. Na karanta bayanin Injiniya na kuma ƙaru, amma aikina lissafin kuɗi ne, kuma ba girin-girin ba, ta yi mai. A nan kuwa matsalar ita ce ba yin mai take ba, shan sa take yi. Rage kashi goma da aka yi a 1979 abin yabo ne a 1979, amma mu muna zaune ne a bayan 29 ga Mayu na 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai. Mijina ya taɓa riƙe 300 SE na shekara biyu, kuma a lissafin da na riƙa yi masa ba ta taɓa sauka ƙasa da lita 13 a kilomita 100 ba idan an haɗa gari da babbar hanya. Daga Zariya zuwa Kano da dawowa kusan kilomita 300 ne, ka ga an doshi lita 40 a tafiya guda, inda ƙaramar motar Japan za ta yi da abin da bai fi 25 ba.

Na biyu, ina jin ana yawan mantawa cewa su kansu masu kuɗin duniya sun fara juya mata baya tun tana kasuwa. BMW ta fito da 750i mai silinda goma sha biyu a 1987, sannan Toyota ta fito da Lexus LS 400 a 1989, mota mai shiru da rashin laulayi a farashin da ya yi ƙasa da na Marsandi sosai a Amurka. Idan W126 ta kai yadda ake faɗa, me ya sa Lexus ta kwashe masu saye cikin ɗan lokaci?

Ba ina cewa motar ba ta da kyau ba ne, Baban Khalifa. Ina cewa ne ka raba abu biyu: son mahaifinka, wanda ba ya bukatar fetur, da riƙe motar da ta haura shekara talatin da biyar, wadda za ta riƙa neman kuɗi a hannunka kowane wata alhali ga kuɗin makarantar yara.

Oga Bakanike, Kano

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan mai, ba zan musa ba. Amma kafin a kai ga wannan, Baban Khalifa, ina roƙonka don Allah kada ka sa batir ka murza makulli don ka ji ko za ta tashi. Wannan shi ne kuskuren da ke kashe irin waɗannan motoci. Fetur ɗin da ya kwana shekara shida a tanki ya zama kamar ƙaro, kuma injin nan yana aiki ne da tsarin Bosch da ake kira KE-Jetronic, wanda ke da wani kasko mai raba mai zuwa nozul shida ta ƙananan ramuka masu siririn gaske. Da zarar famfo ya tura wannan dattin ciki, ka jawo wa kanka gyaran da ya fi komai tsada a motar. Sai an sauke tanki an wanke, an canza matatar mai da robobin da suka bushe, an zubar da tsohon baƙin mai, an cire fulogi an ɗiga ɗan mai a kowace silinda, an juya injin da hannu an tabbatar bai kama ba, sannan a yi maganar tayarwa.

Labari mai daɗi shi ne ka yi sa'ar inji. Na 300 SE, wanda ake kira M103, shi ne ke cikin Marsandi V-boot 300 E da ta cika ƙasar nan, saboda haka kayansa ba sa wuyar samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, kuma duk bakaniken da ya ƙware a V-boot zai iya da shi. Sarƙa ce ke juya taiminsa, ba bel ba. Laifinsa da aka sani shi ne yoyon baƙin mai ta gasket ɗin kai da ta murfin gaba, sai kuma wasu ƙananan rile guda biyu, wato makunnan lantarki masu aiki da kansu, na famfon mai da na kare wutar kwamfutarsa, waɗanda idan suka gaji sai mota ta riƙa mutuwa a hanya, mutum ya ɗauka inji ne ya lalace alhali abin bai fi girman akwatin ashana ba. Da 500 ko 560 ce da na ce ka yi tunani sau biyu, domin robobin da sarƙarsu ke bi a kai sukan bushe su karye, kuma idan suka karye inji ya tafi.

Wani abin da ya kamata ka sani shi ne motar nan da iska take yin ayyuka da yawa. Kulle ƙofofi, juya iskar na'urar sanyaya daga ƙafa zuwa fuska, har da laushin canjin giya, duk suna dogara da wasu siraran bututu. Zafin ƙasarmu yana busar da mahaɗinsu na roba, sai ka ji giya tana dukan baya, wanda bai sani ba ya ce a sauke giya, alhali robar da ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba ce ta tsage. Na'urar sanyayar kuma an yi ta ne da tsohon gas R12 da aka daina, sai an juya ta zuwa R134a.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da wasu abokan sana'armu ke yi. An taɓa kawo mini wata da aka cire mata tsarin fesa man gaba ɗaya aka ɗaura kafiretar wata mota, aka cire abin daidaita zafin ruwa aka jefar wai don kada ta yi zafi, aka yanka wayoyi aka ɗaure da leda. Mai ita yana zagin Jamusawa, ni kuwa na san ba su da laifi. Motar nan an yi ta ne don a kwance a gyara a mayar, kusan komai da noti yake, amma tana son wanda zai auna kafin ya taɓa.

Ɗan Maraɗi, Nijar

Ina gaida manya. Mu a nan mun fi sanin 190 da V-boot masu gazuwal, wato dizal, da ake kawowa ta Kwatano, kuma mun ga yadda suke jure hanya. Tambayata ga Injiniya ita ce, tun da Hajiya ta kawo kukan shan esansi, wato fetur, me zai hana a nemi irin wannan babbar mai gazuwal, ko a ɗaura mata injinsa? Sannan na taɓa jin cewa a cikin irinta aka harbe Janar Murtala, ko haka ne?

Injiniya Bakatsine, Jamus

Malam, an yi W126 mai dizal, wato 300 SD da 300 SDL da 350 SDL, amma saboda kasuwar Amurka ta Arewa aka ƙera su, ba a sayar da su a dilolin Turai ba, shi ya sa ba ka cika ganinsu cikin motocin da ke fitowa daga Beljiyam da Jamus ba. Ɗaura mata wani inji kuwa yana yiwuwa, sai dai daga ranar ta daina zama abin da ake nema, ta zama tsohuwar mota kawai. A nan Jamus tun 1997 motar da ta kai shekara talatin tana iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe, a riƙa biyan harajin kusan Yuro 192 a shekara komai girman injinta, amma sharaɗin shi ne ta kasance yadda aka ƙera ta. Darajar irin waɗannan motoci a kan asalinsu take.

Batun Janar Murtala kuma akwai kuskure. An kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu na 1976, fiye da shekara uku kafin W126 ta fito, kuma motar da yake ciki Marsandi 230.6 ce, ƙarama a kan wannan, tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan. Idan ana neman W126 mai tarihi a Afirka, a duba jar 500 SE da ma'aikatan masana'antar Marsandi ta East London a Afirka ta Kudu suka haɗa wa Nelson Mandela a 1990 bayan fitowarsa daga kurkuku, suka yi aikin a lokacinsu ba tare da an biya su ba.

Hajiya, game da Lexus ina tare da ke rabi. Gaskiya ne ta girgiza Jamusawa, amma ki tuna a 1989 W126 ta riga ta shekara goma a kasuwa. Motar da sai bayan shekara goma aka samu wadda ta kamo ta, ban ga abin kunya a nan ba.

Maman Hanifa, Abuja

Na karɓi wannan, Injiniya. To bari in kawo abin da ya fi damuna a matsayin uwa. Ana yawan cewa tsohuwar Marsandi tankar yaƙi ce, wai ko an yi karo ba abin da zai samu na ciki. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma ina tsoron ta sa mutum ya ɗebi iyalinsa ya hau hanyar Kaduna da gudu yana taƙama da kaurin ƙarfe.

Injiniya Bakatsine, Jamus

Kin yi daidai da kika ƙi yarda, kuma su kansu waɗanda suka ƙera ta ba za su so a kira ta tanka ba, domin an tsara gabanta da bayanta ne su lotse su shanye ƙarfin karo, ɗakin fasinja kaɗai ake so ya tsaya. Abin da ta yi fice da shi a zamaninta shi ne an gina ta don karon da ake yi da gefe ɗaya na gaba, irin wanda ke faruwa idan mota biyu suka haɗu wajen wuce wata, kuma kamfanin ya gwada ta a haka a gudun kilomita 55 a awa, a lokacin da doka ba ta nemi hakan ba. A cikinta ne Marsandi ta fara sayar da jakar iska ta direba a 1981 tare da bel mai ɗamewa da kansa lokacin karo, ta fasinjan gaba kuma ta biyo baya a 1988. Birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa, ya riga ta da shekara ɗaya, an fara shi a W116 a 1978 tare da Bosch. Tankin mai ma an ɗora shi a saman gatarin baya, nesa da inda ake bugowa.

Amma duk wannan tsaron 1980 ne. Ba ta da jakar iska ta gefe, ba ta da na'urar hana mota juyawa a kwana, wadda sai 1995 aka fara sa ta. Jakar iskar ma a wancan lokaci sai wanda ya biya ƙarin kuɗi ake sa wa a yawancin ƙasashe, don haka Baban Khalifa ya duba tsakiyar sitiyari, idan bai ga an rubuta SRS ba to babu. Ko akwai, ba wanda zai rantse cewa za ta buɗe bayan waɗannan shekaru. Matsakaiciyar motar zamani mai lafiya ta fi ta kare rai, wannan ba abin jayayya ba ne.

Autan Gida, Jos

Ina neman afuwar iyayena, ni ƙarami ne a cikinku. Idan dai tsohuwar Marsandi za a riƙe don girma, ni a ganina wadda ta gaje ta, W140 da ake kira Beast, ta fi cika ido. Tana da gilashi ruɓi biyu, wasu ƙofofinsu suna ja da kansu su rufe, kuma akwai 600 SEL mai silinda goma sha biyu da ƙarfin doki sama da 400. Kusa da ita W126 kamar ƙanwa take.

Oga Bakanike, Kano

Auta, cika ido daban, zama lafiya da mota daban. Wadda kake magana ta fito a 1991, nauyinta ya kai tan biyu, kuma daga kanta ne kwamfutoci suka yi yawa. Na farkonsu an yi musu wayoyin inji da wata roba da ke ruɓewa da zafi, ka taɓa ta ta zube kamar garin kwaki, waya ta haɗu da waya ta ƙona kwamfuta. Na ga Beast da yawa sun zama ɗakin kaji a bayan gida saboda wannan, alhali injinsu lafiya lau. W126 kuwa ko kwamfutar man ta samu matsala, yawanci za ta lallaɓa ta kai ka gida, domin asalin aikin raba man na ƙarfe ne da matsin mai, lantarkin gyara lissafi kawai yake yi. Ita ce ta tsaya a tsakiya: tana da jin daɗin motar zamani, amma bakanike mai sifana da mita yana iya gane ciwonta.

Baban Khalifa, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na je na yaye tamfol na duba ta da abin da kuka koya mini, kuma ban taɓa makulli ba, Oga. Faifan gefen sumul suke kamar yadda Injiniya ya ce. Babu SRS a sitiyari. Katakon gaban bai tsage ba sai wuri ɗaya kusa da giya, kujerun yadi ne mai laushi ba fata ba, kuma a cikin murfin but na tarar da alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku da ake kafawa a hanya idan mota ta lalace, tana maƙale a wurinta. A aljihun gaba akwai wani littafi da Baba ya riƙa rubuta ranar da aka canza baƙin mai da kilomitar da mota take, da hannunsa, har zuwa shekarar da ya ajiye ta. Mitar ta tsaya a 287,000 da 'yan kai.

Na yi magana da yayanmu, ya amince a kira dillalai biyu su sa mata kuɗi a gaban kowa, a cire daga kasona. Hajiya, na ji gargaɗinki, ba zan sayar da ƙaramar motata ba, ita za ta ci gaba da kai yara makaranta da doguwar tafiya, wannan kuwa ta Juma'a ce da ɗaurin aure. Abin da ya rage mini shi ne na ga ɗan kumburin fenti a ƙasan gilashin baya, da kuma jiƙa a ƙasan but ta hannun dama. Oga, wannan abin tsoro ne?

Oga Bakanike, Kano

Wannan kumburin tsatsa ce ke cin ƙarfe daga ciki, kuma wurin da ka faɗa sananne ne a jikinsu: robar gilashin baya ce ke bushewa, ruwan sama ya bi ta ƙarƙashinta ya gangara cikin but. Kafin dillalai su zo, ka ɗaga shimfiɗar but ka cire safaya ka duba ramin, ka leƙa ramukan jak guda huɗu da ke ƙasan ƙofofi, ka ɗaga batir ka ga farantin da yake zaune a kai, sannan ka danna kowane wuri da sukudireba. Idan ƙarfe ya amsa da ƙarfi, aikin mai walda ne na kwana biyu da sabuwar roba, sai a cire gilashin a kankare a shafa maganin tsatsa kafin fenti. Idan kuwa sukudireba ta shige a wurin jak, ka ɗauki hoto ka turo mini tukuna kafin ka amsa kowane farashi. Littafin nan na Baba kuma ka cire shi daga motar ka adana a ɗaki, zan so in ga shafin ƙarshe don in san yaushe aka canza man giya.